Bernhard Bang

Bernhard Bang (7 ga Yuni, 1848 – 22 ga Yuni, 1932) likitan dabbobi ne kuma malamin jami'a ɗan ƙasar Denmark. An haife shi a garin Sorø. Ya karanci likitancin mutane da na dabbobi, sannan ya koyar a Kwalejin Likitancin Dabbobi da Noma ta Copenhagen.

Bincike

A shekarar 1897 ya gano Brucella abortus, ƙwayar cutar bakkale mai sa shanu ɓari, wadda kan kama mutum ta ɗanyar madara. Ya kuma ɓullo da tsarin gwada shanu don gano masu tarin fuka, a ware su daga masu lafiya, a shayar da maruƙansu dafaffiyar madara, maimakon a yanka garke duka. Ƙasashe da dama sun bi tsarinsa.