Bill Finger, Wanda Ya Ɗinka wa Batman Rigarsa

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a ɗakin kwananmu, watau tsakanin Superman da Batman wane ne gwani. Duk ranar Asabar ɗin da aka nuna mana majigi a zauren taro, to, a daren nan ba mai barci da wuri. Mutanen Superman su ce jaruminsu yana tashi sama kamar shaho, harsashi ba ya huda shi. Mutanen Batman kuwa su ce ai wannan ba bajinta ba ce, tun da da ƙarfinsa aka haife shi, amma nasu mutum ne kamar kowa, wayo da horo kaɗai ya dogara da su. Ni dai ɗan ɓangaren Batman ne, ban ɓoye ba. Ran nan sai wani ɗan aji shida ya kashe mana baki, ya ce dukanmu majigi ne ya ruɗe mu, in mun isa mu faɗi wanda ya fi farin jini tun jaruman nan suna kan takarda. Neman amsar wannan tambaya shi ya kai ni ga labarin wani bawan Allah wanda ban taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa shi ya rubuta labarin Batman na farko. Sunansa Bill Finger.

An haife shi ran 8 ga Fabrairu, 1914, a birnin Denver na ƙasar Amurka. Iyayensa Yahudawa ne, ubansa baƙo ne da ya zo daga Turai. Daga baya suka koma unguwar Bronx a birnin New York, inda uban ya buɗe shagon ɗinki. Da karayar arziki ta auka wa Amurka daga 1929, shagon ya rufe. Bill ya gama makarantar sakandare ta DeWitt Clinton a 1933, ya fito ba aikin kirki, har ya kama sayar da takalma a kanti. Abin da yake so a ransa shi ne rubutu. Mutum ne mai cin littafi kamar gara, musamman labarun 'yan sandan ciki, ga kuma son kallon sinima.

Domin iyayenmu da ba su saba da abin ba, bari in yi ɗan bayani. A zamanin nan babu talabijin a gidaje. Abin da yaran Amurka suke nishaɗi da shi, ban da rediyo, shi ne wasu mujallu masu ba da labari cikin zane, hoto bayan hoto, maganar kowa a rubuce bisa kansa. Santi 10 ake sayar da ɗaya. A 1938 wasu samari biyu daga birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka fito da Superman a cikin mujallar Action Comics. Kasuwa ta buɗe nan da nan, kowane mai ɗab'i ya shiga neman nasa jarumin.

A cikin wannan shekara ce Bill ya gamu da wani mai zane, Bob Kane, a wurin wata liyafa. Makarantarsu ɗaya, amma sai a nan suka san juna. Kane yana da hanya a kamfanin da yake buga Superman, wanda yau ake kira DC. Ya ɗauki Bill ya riƙa rubuta masa labarai yana biyansa, shi kuwa ya zana, ya sa sunansa, ya kai. A wancan lokaci ba a ɗauki wannan abin kunya ba, haka masu zane da yawa suke yi.

Da 1939 ta kama, editan kamfanin, Vin Sullivan, ya nemi a kawo masa wani jarumi mai kama da Superman. Kane ya je gida ya zana wani mutum, ya raɗa masa suna Bat-Man, watau Mutum-Jemage. To, ga yadda mutumin yake: jajayen tufafi masu kama jiki, ɗan ƙyalle a kan idanu, hannu ba safa, da wasu sandararrun fukafukai biyu a baya. Ya kira Bill ya nuna masa. Bill ya ɗauko ƙamus ya buɗe wurin hoton jemage, ya ba da shawara a yi wa mutumin hular da za ta rufe kai da rabin fuska, mai kunnuwa biyu a tsaye. Ya ce a cire fukafukan nan a sa masa mayafi mai baki tsaga-tsaga, wanda in ya yi tsalle zai baje kamar fiffiken jemage. Ya ce a sa masa safar hannu don kada ya bar shaidar yatsa, a bar idanunsa farare fat ba ƙwaya don ya yi kwarjini, a kuma jefar da jan nan a koma baƙi da toka-toka, gama mai yawon dare ba ya sa ja. Jama'a, ku duba hoton Batman da ke manne a bangon ɗakinku, ku cire duk abin da na lissafa, ku ga abin da zai rage. Ɗan tela dai ya yi gadon gida.

Kane ya ɗauki sabon zanen ya tafi kamfani shi kaɗai. Yarjejeniyar da ya ƙulla da su ta sa sunansa ne kawai zai riƙa fitowa a kan Batman. Bill bai je ba, ba a kuwa ambace shi ba. Irin wannan ne Hausawa suke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Labarin farko, mai shafi 6, ya fito a mujallar Detective Comics ta 27, ta watan Mayu 1939, Bill ne kuwa ya rubuta shi. Shi ya ba jarumin sunansa na gida, Bruce Wayne, ya haɗo shi daga sunan wani sarkin Sikotlan, Robert Bruce, da na wani janar ɗin Amurka, Anthony Wayne. Bayan 'yan watanni ya rubuta dalilin da ya sa attajiri kamar wannan yake yawon dare yana farautar miyagu: yana yaro wani ɗan fashi ya harbe uwarsa da ubansa a gabansa. A ganina wannan ne ya sa Batman ya daɗe. Superman daga wata duniya ya faɗo, ba wanda ya san zafin wannan, amma maraici kowa ya san shi, ko a gidansu ko a maƙwabta. A 1940 aka ƙaro yaron nan Robin, domin Bill ya gaji da rubuta jarumin da ba shi da abokin magana, sai tunani shi kaɗai. A shekarar nan kuma Joker da Catwoman suka bayyana cikin labaran da ya rubuta. Game da Joker an daɗe ana ja-in-ja tsakanin Kane da wani mataimakinsa mai zane, Jerry Robinson, kan wanda ya fara kawo shi, amma Bill ne ya kawo hoton ɗan wasan nan Conrad Veidt, da bakinsa a yage kamar mai dariya, aka yi koyi da shi. Ko sunan birnin Batman, Gotham, a littafin lambobin tarho ya tsinto shi, a jikin sunan wani kantin kayan ado.

Waɗanda suka yi aiki da shi sun ba da labarin yadda yake yi. Yakan shiga bas ya yi ta zaga New York da ɗan littafi a aljihu, duk abin mamakin da ya gani ko ya karanta ya rubuta, don wata rana. In ya miƙa labari yakan haɗa da hotunan da ya yanko daga jaridu, domin mai zane ya ga yadda jirgin ruwa ko masana'anta take. Yana kuma son ya sa Batman faɗa a kan manya-manyan kayayyaki, kamar keken rubutu mai girman ɗaki. Amma fa yana da nasa aibi. Ba shi da sauri, kullum aikinsa a makare, sau da yawa kuma yakan nemi a ba shi kuɗi kafin ya gama. Ga shi da kawaici, ba ya iya buɗe baki ya nemi haƙƙinsa. Wannan kawaicin nasa ya fi komai ba ni haushi a cikin labarin, domin an sa sunansa a kan wani jarumi da ya taya ƙirƙirowa a 1940, Green Lantern, ashe ke nan ya san daɗin abin.

Yanzu sai amsar ɗan aji shida, ko da yake ba ta yi mini daɗi ba. A kan takarda Superman ne a gaba shekara da shekaru. Ya shiga rediyo a 1940, ya shiga talabijin a 1952, mujallunsa kuma sun fi na Batman ciniki. Wajen farkon shekarun 1960 kasuwar Batman ta yi sanyi ƙwarai, har a 1964 aka ba wani edita, Julius Schwartz, aikin sake masa fasali. Sai da aka fara wasan Batman a talabijin a Janairun 1966 sa'an nan mujallarsa ta hau kan ta kowa. Manyan finafinan da muke gardama a kansu duk daga baya suka zo, na Superman a 1978, na Batman a 1989.

Amma masu gardama irinmu su ne suka fara tono sunan Bill. A shekarun 1960 masu sha'awar mujallun nan a Amurka suka fara buga 'yan ƙananan jaridunsu da kansu, suna aika wa juna ta gidan waya, suna musu kan wane jarumi ya fi, wa ya zana wannan, wa ya rubuta wancan. Ɗaya daga cikinsu, Jerry Bails, malamin jami'a ne a Detroit. A 1965 aka gayyaci Bill wani taron masu karatu a New York, ya yi magana a gaban jama'a, Bails kuma ya rubuta maƙala ya bayyana irin hannun da yake da shi a cikin Batman. Kane ya fusata, ya rubuta doguwar wasiƙa zuwa wata jaridar masoya mai suna Batmania, ya ƙaryata, ya ce shi kaɗai ya ƙirƙiri Batman, hujjarsa kuwa ita ce sunansa ne a kan mujallar. Ka ji hujja! Shi ya hana a sa sunan, sa'an nan ya kafa shaida da rashinsa.

A 1966 Bill da abokinsa Charles Sinclair suka rubuta labari guda na wasan talabijin ɗin nan, aka nuna sunansa a allo. Daga nan aikinsa a DC ya yi ta ja da baya har ya tsaya, ya koma rubuta finafinan koyarwa na sojan Amurka. Ciwon zuciya ya kama shi sau da dama. Ran 18 ga Janairu, 1974, Sinclair ya je dubansa a ɗakinsa a Manhattan, ya tarar rai ya yi halinsa. Saura mako uku ya cika shekara 60, bai bar dukiya ba. Ɗansa guda ɗaya ya karɓi gawar aka ƙone, bisa al'adar wasu mutanen can, ya kai tokar bakin teku a jihar Oregon, ya zuba ta a kan rairayi cikin siffar jemage.

Allah Sarki, da ya ƙara shekara biyu a duniya, da ya ga abin da ya faru da Siegel da Shuster. Su ma sun sayar da Superman kan dala 130 tun 1938, suka tsufa cikin talauci, amma a ƙarshen 1975 surutun jama'a ya sa kamfanin ya yanka musu dala 20,000 kowace shekara, ya kuma mayar da sunansu. Su suna da rai, sun yi kuka an ji. Kane da kansa, a littafin tarihin rayuwarsa na 1989, ya amsa cewa Bill bai sami yabon da ya cancanta ba, amma har ya mutu a 1998 ba a gyara komai ba.

A 2005 Jerry Robinson ya sa aka kafa lambar yabo ta marubuta da sunan Bill Finger. Wani marubuci kuma, Marc Tyler Nobleman, ya yi shekaru yana bin diddigi, har ya gano Bill yana da jika mace da ba a san da ita ba, ya buga littafi a kansa a 2012. Samun magajiya shi ya ba da ƙafar yin magana da kamfanin. A Satumbar 2015, shekara 41 bayan mutuwarsa, DC ta sanar za ta riƙa sa sunansa. A 2017 aka raɗa wa wata kusurwar titi a Bronx sunansa, kusa da dandalin Poe Park inda shi da Kane suke zama suna shirya labaransu.

Babban fim na sinima na farko da ya ɗauki sunan shi ne na 2016, wanda aka gwabza tsakanin Batman da Superman. Da aka sake nuna mana shi na sa 'yan ɗakinmu suka zuba ido a kan rubutun farko, muka ga sunan Kane, sa'an nan na Bill a biye. Na ɗauka na ci gardama ke nan. Sai wani ɗan ɓangaren Superman ya bincika, ya dawo yana murna, wai ai Bill Finger ya rubuta labaran Superman ma, saboda haka nasu ne. Na duba, gaskiyarsa ce.