Gilbert Lewis: Masanin da ya sauya ma'anar asid

Duk ɗalibin da ya taɓa zana ɗige-ɗige kewaye da harafin wani sinadari, a Abuja ne ko a Zariya, aikin Gilbert Newton Lewis yake maimaitawa, ko da bai san tarihin mai sunan ba.

An haife shi a garin Weymouth na ƙasar Amurka a watan Oktoban 1875. Ya sami digirin digirgir a Jami'ar Harvard a 1899, ya ƙaro ilimi a Jamus, sannan a 1912 ya karɓi ragamar kwalejin kimiyyar sinadarai ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda ya ƙare rayuwarsa.

A 1916 ya bayyana cewa ƙwayoyin zarra biyu kan ɗauru da juna ne idan suka yi tarayya a kan ilektiron guda biyu. Daga wannan tushe ya gina fassarar da ya fitar a 1923. Kafin nan masana sun rataya sunan asid a wuyan haidirojin. Shi kuwa Lewis ya mayar da lamarin bayarwa da karɓa: asid shi ne mai karɓar ilektiron biyun, kishiyarsa kuma mai bayarwa.

Misali ya fi dogon bayani. Iskar boron tirayifuloraid ba ta da haidirojin ko ƙwaya ɗaya, amma boron ɗinta yana da gurbin da ba kowa. Ruwan asetonaitiril, ɗaya daga dangin sinadaran naitiril, yana da ilektiron biyu zaune a kan naitirojin ɗinsa. Da zarar sun haɗu, naitirojin ya miƙa, boron ya karɓa, sai farin daskararren abu ya fito. Tsohuwar fassara ba ta da bakin magana a nan.

Sau 41 aka gabatar da sunansa domin kyautar Nobel, bai samu ba, alhali ɗalibinsa Harold Urey ya karɓe ta a 1934. Wannan rashi, a gaskiya, ya fi zama tabo ga alƙalan kyautar.

Ranar 23 ga Maris, 1946 aka tsinci gawarsa a ɗakin gwaje-gwajensa, gubar haidirojin sayanaid, ƙaramin cikin dangin naitiril, tana tsiyaya a ɗakin. Hukuma ta danganta mutuwar da ciwon zuciya, wasu abokan aikinsa kuwa sun yi zargin shi ya kashe kansa.