Tarihin Alhaji Umaru Salaga, Bakaben da Ya Bi Hanyar Goro

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ya ku malamai da fatake na Jega da Aliero da Maiyama, ga labarin wani malami wanda tushensa na ƙasarku ne, wanda ya haɗa allo da fatauci, ya tafi kasuwar Tonawa, wato mutanen Asante, ya kuwa bar abin da ya fi kasuwar daɗewa.

Sunansa Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu. A littattafansa ana masa laƙabi uku: Bakabe don asalinsa, Bakano don mahaifarsa, Basalage don mazauninsa. An haife shi a birnin Kano wajen shekara ta 1858. Ya sauke Alƙur'ani a can, sa'an nan ya fita neman ilimi ƙasar Kabi da Gobir. Mahaifinsa falke ne mai zuwa Gwanja, saboda haka Umaru tun yana saurayi ya san zaman zango da tafiya cikin ayari.

A zamanin nan Jega babbar kasuwa ce a kan hanyar goro. Buhari ɗan Abdussalami ya kafa ta a bakin gulbin Zamfara, ta bunƙasa har fatake suka riƙa taruwa cikinta kafin su fuskanci yamma. Madugu shi ne shugaban ayari, jagaba yana gaba, uban dawaki yana taimakonsu. Sukan ɗora wa jakuna kanwa da turkuɗi da kayan fata da gabu, wato busasshen ganyen albasa, irin wadda Aliero ta shahara da nomanta. Su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su bi ta Zugu da Sansanin Mango da Yandi, suna biyan fito ga sarakuna, suna tsaron 'yan fashi, wata da watanni, kana su sauka Salaga.

Salaga garin Gwanja ne, amma tun ƙarni na 18 yana ƙarƙashin Sarkin Asante na Kumashi. Goro a kurmin Tonawa yake fitowa, su kuwa ba su yarda baƙi su shiga kurmin su saya da kansu ba. Sai su ɗauko shi a ka su kawo Salaga, nan Bahaushe da Batone suke gamuwa. Baƙon da ya shiga garin yakan tarar da rijiyoyi birjik, har ana masa kirari da gari mai rijiya dubu, ga masallatai, ga gidajen fatoma inda falke ke sauka, ga huhunan goro ana yayyafa musu ruwa. Bayi ma ana sayar da su a wannan kasuwa, abin da ya zama tabo a tarihinta. Sarkin ƙasar kuwa yana zaune a Kpembe, kusa da garin.

A 1874 Ingilishi suka ci Kumashi suka ƙone ta. Mutanen Gwanja suka yi wa Tonawa tawaye, Tonawa kuma suka toshe hanyar goro, ciniki ya koma Kintampo da Atebubu. A cikin wannan zamani na raguwar kasuwa Umaru ya riƙa zuwa Salaga. Da ya ga yadda mutane ke bukatar wasiƙa tsakanin gari da gari, sai ya wallafa littafi da Larabci a 1877 kan ƙa'idar rubuta wasiƙu, yana ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka.

Wajen 1892 ya tare a Salaga ya buɗe makaranta. A can ya sadu da wani masani Bajamushe, Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa, ya rubuta masa labarai da ajami. Amma a shekarar nan yaƙin sarauta ya tashi tsakanin gidajen Kpembe, aka washe Salaga, fatake suka watse. Wanda ya tara dukiya cikin rumbu ya wayi gari ba shi da kome. Malam Umaru ya fita da abin da ke cikin ƙirjinsa da gafakarsa. Wajen 1896 ya koma Kete-Karachi a bakin kogin Bolta, inda yawancin mutanen Salaga suka sake zango, ya zama limamin garin.

Kete-Karachi tana hannun Jamus a lokacin. Baturen da ke mulkin wurin, Mischlich, mai son harshen Hausa ne, shi ya buga ƙamus na Hausa a 1906. Liman Umaru ya rubuta masa tarihin ƙasashen Hausa, har da na Kabi, da bayanin noma da sana'o'i da ciniki da al'adu, duk da ajami. Zama da Turawa bai rufe masa baki ba. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa kan zuwan Nasara, yana lissafa garuruwa da sarakunan da suka faɗa hannunsu, yana jan kunnen Musulmi. Ya yi waƙa kan rushewar Salaga, da wata kan talauci da wadata, da wata kan annobar mura ta 1918. Ya kuma juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa, aikin da Rattray, Baturen nan da ya yi littattafai kan Tonawa, ya yaba ƙwarai.

Ya yi aikin hajji a 1913. Ya komo ya ci gaba da karantarwa, almajiransa suka bazu cikin zangunan ƙasar da yau ake kira Gana, waɗansu suka zama limamai da malaman makarantu. Allah ya karɓi ransa a Kete-Karachi a 1934, daidai da 1353 ta hijira.

To, jama'a, a dubi ƙarshen al'amarin. Goro ya bar bayan jaki ya koma jirgin ruwa da jirgin ƙasa da mota, ayarin Gwanja ya mutu. Salaga ba ta sake komawa matsayinta na da ba. Tsohon garin Kete-Karachi ma ruwa ya cinye shi bayan an gama madatsar Akosombo a 1965. Amma takardun Alhaji Umaru suna nan, an tattara da dama a Jami'ar Gana da ke Legon, masana a Amurka da Turai sun fassara waɗansu, da su ake sanin yadda kakanninmu suka yi noma da fatauci. Falken da ke da ɗa, ya koya masa ciniki, kada kuma ya raba shi da allo. Malamin da ya ga abin da ya faru a zamaninsa, ya rubuta shi, ko da ajami ne.

Allah ya jiƙan Alhaji Umaru, ya haskaka kabarinsa, ya amfane mu da iliminsa, amin. Wassalamu.