TARIHIN LIKITA ALOIS ALZHEIMER, WANDA AKA SA WA CIWON MANTUWA SUNANSA

Da wuya a sami gari a ƙasar nan, tun daga Ɗandume har Funtuwa da Malumfashi, inda babu wani tsoho da a ke cewa ya ruɗe. Za ka ga dattijon da a da ya ke riƙe da lissafin buhunan masara da na auduga a ka, yau ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba, gobe ya tafi masallaci ya kasa gane hanyar gida. Mu kan ce gigin tsufa ne. Waɗansu su ce iska ce, waɗansu ma har su jefi tsohuwa da maita. To, cikin masanan da suka nuna abin da ke aukuwa a ƙwaƙwalwar mai wannan hali, babu wanda ya shahara kamar wani likita Bajamushe, sunansa Alois Alzheimer.

An haife shi ran 14 ga Yuni, 1864, a wani ɗan gari wai shi Marktbreit, bakin kogin Main, a kudancin Jamus. Ubansa ma'aikacin shari'a ne, mai shaida takardun ciniki da na gado. Ya gama sakandare a Aschaffenburg cikin 1883, sa'an nan ya yi karatun likita a jami'o'in Berlin da Tübingen da Würzburg. Cikin Disamba, 1888, ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali da masu farfaɗiya na birnin Frankfurt.

A zamanin nan ɗauri da kulle su ne rabon mai taɓin hankali a wurare da yawa. Shugaban asibitin, Emil Sioli, bai yarda da wannan ba. Shi da Alzheimer suka rage ɗaure majinyata, suka koma yi musu wanka da ruwan ɗumi, da zama a saurare su. Nan kuma ya gamu da abokinsa Franz Nissl, gwanin rina naman ƙwaƙwalwa don a gan shi sosai cikin madubin likita. Da rana su duba marasa lafiya, da dare su duƙufa kan madubi. Cikin 1894 ya auri wata mace mai dukiya, Cecilie, wadda mijinta ya mutu. Suka haifi 'ya'ya uku, ta rasu farkon 1901.

Ran 25 ga Nuwamba na wannan shekara aka kawo wata mace asibitin, sunanta Auguste Deter, matar wani akawun jirgin ƙasa, shekarunta 51. Abin ya fara mata da zargin mijinta ba dalili. Daga nan ta shiga ɓata girki, tana ɓoye kaya, tana ɓacewa cikin gidanta, tana ihu wai za a kashe ta. Kashegari Alzheimer ya zauna da ita. Ya tambaye ta sunanta, ta faɗa. Ya tambayi sunan mijinta, sai ta sake faɗin nata. Ya nuna mata alƙalami da mabuɗi, ta ambace su daidai, amma jim kaɗan ta manta an nuna mata kome. Tana cin abinci ya tambaye ta abin da ta ke ci, ta ambaci wani abu dabam. Ya ce ta rubuta sunanta, ta fara, ta tsaya a tsakiya, sauran ya ɓace mata. Ita kanta kuwa ta kan nuna ta san wani abu ya kuɓuce mata.

Da wani ne, da ya rubuta hauka ya wuce gado na gaba. Shi kuwa ya yi ta komowa kwana da kwanaki, yana rubuta tambayarsa da amsarta da hannunsa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, ga hali irin na tsofaffi tukuf, ga mace ba ta tsufa ba.

Cikin 1903 ya bi babban malami Emil Kraepelin zuwa Munich, inda dukiyar da matarsa ta bari ta sa ya iya yin bincike ba albashi. Amma bai manta da Auguste ba. Ta yi ta lalacewa har ta daina magana, ta kwanta ba ta iya tashi, ta mutu ran 8 ga Afrilu, 1906. Aka aika masa da ƙwaƙwalwarta da takardunta.

Da ya duba, ya tarar ƙwaƙwalwar ta motse. Ya yanka ta siriri, ya rina da ruwan azurfa, ya ga abu biyu. Na ɗaya, waɗansu 'yan dunƙule masu kama da ƙwayar gero sun watsu tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Na biyu, cikin ƙwayoyin kansu akwai wani abu kamar zare da ya harɗe, ƙwayoyi masu yawa kuwa sun mutu. Watau dai mantuwar nan tana da tabo wanda ido ke iya gani, kamar yadda miki ke da tabo.

Ran 3 ga Nuwamba, 1906, ya karanta labarin gaban taron likitoci a Tübingen. Ya gama, ko mutum ɗaya bai yi tambaya ba. Bai yi fushi ba, ya buga bayanin cikin 1907. A shekarar nan kuma wani likita a Prague, Oskar Fischer, ya ga irin dunƙulen nan a ƙwaƙwalwar tsofaffi masu gigi. Cikin 1910 Kraepelin ya sa wa ciwon sunan Alzheimer cikin littafinsa na koyar da likitoci.

Cikin 1912 aka naɗa shi shehun malami a jami'ar Breslau, wadda yanzu ke cikin ƙasar Foland. Tun a jirgin da ya kai shi ciwo ya kama shi, bai kuwa sake samun cikakkiyar lafiya ba. Zuciya da ƙoda suka gaza, ya mutu ran 19 ga Disamba, 1915, yana da shekara 51. Aka binne shi a Frankfurt kusa da matarsa.

Wajen shekara sittin likitoci na ɗaukar ciwon abu ne da ba safai ba, mai kama masu matsakaicin shekaru. Sai cikin 1976 wani likitan Amurka, Robert Katzman, ya ja hankalin duniya cewa shi ne dai ke kama yawancin tsofaffin da suka ruɗe. Cikin 1995 aka tsinci takardun Auguste a Frankfurt, da rubutun hannun Alzheimer. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon mantuwa sun kai miliyan 57 cikin 2021, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari kuwa irin na Alzheimer ne. A Nijeriya ma an yi dogon bincike a kan tsofaffin Ibadan tun daga 1992, an tabbata ciwon yana nan cikinmu.

To, jama'a, me za mu koya? Tsufa kaɗai ba ya kawo wannan. Kowa ya kan manta inda ya ajiye carbi, daga baya ya tuna. Abin lura shi ne tsohon da ya ke maimaita tambaya ɗaya, ya rikita raka'o'in sallar da ya shekara sittin yana yi, ya kasa ƙirga canji a kasuwa, ya kira jika da sunan ƙanensa da ya mutu, ya zargi iyali da sata, abin kuwa yana ƙaruwa wata da watanni. Wanda ruɗewa ta faɗo masa cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan a gaggauta kai shi asibiti, gama sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon fitsari, yana kuwa warkewa. Kurumta da baƙin ciki su ma su kan yi kama da mantuwa. Hawan jini da ciwon sukari da ba a kula da su ba suna jawo wani irin nata.

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ciwon Alzheimer ba, amma ganewa da wuri tana da amfani. Ku malaman makaranta, ku koya wa yara kada su bi tsoho da ature. Ku malaman ofis, in an kawo dattijo ya dangwala hannu a takardar sayar da gona, ku yi masa tambaya ku ji ko ya san abin da ya ke yi, ku nemi shaidu daga danginsa. A gida kuwa kada a yi masa gardama, kada a ɗaure shi. A kawar da wuta da wuƙa, a rufe rijiya, a sanar da maƙwabta don in ya fita su komo da shi.

Alzheimer bai warkar da matar nan ba, amma ya zauna ya saurare ta, ya ɗauke ta mara lafiya mai hakkin jinya. Wannan kuwa kowannenmu yana iyawa. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.