James Watt, Mai Gyaran Kayan Jami'a

An haifi James Watt a Greenock ta ƙasar Sikotlan a 1736. Bai yi digiri ba. A 1757 ya buɗe shagon ƙera kayan awo da gyaransu a Jami'ar Glasgow. Wajen 1764 aka kawo masa ƙaramin injin tururi na koyarwa domin ya gyara. Sai ya lura zafi yana salwanta, gama a kowane bugu akan sanyaya silindar, a sāke zafafa ta. A 1765 ya gano dabarar keɓe wa tururin wurin hucewa dabam, cin kwal kuwa ya ragu ƙwarai. Ya rasu a 1819.

Sunansa ne ma'aunin da ke jikin ƙwan lantarki a gidajen Yindiski. Iyaye, kada mu rena ɗan da aka ba baiwar aikin hannu.