Suzanne Lenglen, Matar Da Ta Nemi Ladan Guminta

Duk wanda ya taɓa kallon gasar tenis ta Roland Garros, wadda ake yi kowace shekara a birnin Paris, ya ga kofin da ake miƙa wa gwanar mata. Kofin nan sunan Suzanne Lenglen yake ɗauke da shi. Amma kuwa hukumar tenis ta Faransa, wadda ke girmama ta haka, ita ce ta taɓa korar ta daga wasanninta, saboda ta karɓi kuɗi a kan sana'arta.

An haifi Suzanne a Paris ranar 24 ga watan Mayu 1899. Tana da shekara 11 mahaifinta Charles ya saya mata raket, wato faifan da ake bugun ƙwallon da shi. Da ya ga alamar baiwa gare ta, sai ya kama ta da horo mai tsanani. Yakan shimfiɗa ɗan ƙyalle a cikin fili, ya sa ta yi ta auna shi da ƙwallo har hannunta ya daina kuskure. Horon bai faɗi ƙasa banza ba, domin a 1914, tana ƴar shekara 15, ta ci gasar duniya ta filin jar ƙasa a Saint-Cloud. Ba a jima ba Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, manyan wasanni suka tsaya.

Bayan yaƙi, a 1919, ta haye Ingila zuwa gasar Wimbledon. A karon ƙarshe ta gamu da Dorothea Lambert Chambers, wadda ta riga ta ci kofin har sau 7. A gaban Sarki George na 5 da Sarauniya Mary aka gwabza turmi uku. Suzanne ta ci na farko 10 da 8, ta faɗi na biyu 4 da 6. A na uku, sau biyu ana saura bugu ɗaya a kayar da ita, tana kuɓuta, har ta ci 9 da 7.

Daga ranar nan tauraruwarta ta haska. Ta riƙe kofin Wimbledon shekara biyar a jere, daga 1919 zuwa 1923, ta sake ɗaukar sa a 1925. A wasannin Olimpik na Anvers, ƙasar Beljik, a 1920, ta samo lambar zinariya biyu. Tun daga ƙarshen yaƙi har 1926, sau ɗaya tak ta rasa karon mutum da mutum, a Amurka a 1921, inda tari ya sa ta janye a gaban Molla Mallory. Shekara na zagayowa ta rama a Wimbledon, 6 da 2, 6 da 0.

Matan zamanin da doguwar riga mai nauyi suke wasa. Ita kuwa ta zo da tufafi marasa nauyi da ɗan ƙyalle ɗaure a ka, tana tsalle tana kai hari kusa da raga. Jama'a suka riƙa tururuwa don ganin ta. Yawan ƴan kallon nan na cikin dalilan da suka sa aka mai da gasar Wimbledon wani fili mafi girma a 1922.

To, a nan gizo ke saƙa. Dokar wancan lokaci ta hana ɗan wasa karɓar ko sisi a kan wasansa. Ƴan kallo na biya a ƙofa, ƙungiyoyi na tarawa, mai zubar da gumi kuwa sai kofi da tafi: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ga shi dukiyar gidansu ta ja baya, mahaifinta kuma ba lafiya.

Shekarar 1926 ita ta raba gardama. A watan Fabrairu, a garin Cannes, ta kayar da Helen Wills, gwanar Amurka, 6 da 3, 8 da 6, a karon mutum da mutum ɗaya tilo da suka taɓa yi. Amma a Wimbledon aka samu ruɗani a kan lokacin wasanta, har Sarauniya Mary ta zauna jira ba ta fito ba. Ƴan kallon da ke yi mata tafi suka juya mata baya, ta janye daga gasar, ba ta sake wasa a can ba.

Cikin wannan shekara ta sa hannu a yarjejeniyar dala 50.000 da wani ɗan kasuwa Ba'amurke, C. C. Pyle, don zagayen wasanni na kuɗi. An fara a New York a watan Oktoba, ta yi ta karawa da Mary Browne, ta fi ƙarfinta. Ta kuma bayyana hujjarta a fili, cewa dokar hana biya ba ta barin kowa ya daɗe a wasan sai mai dukiya. Hukumar Faransa ta kore ta, ƙungiyar Wimbledon ta soke matsayin girmamawa da ta ba ta, ƙofar manyan gasa ta rufe mata tana ƴar shekara 27.

Sauran kwanakinta ta ba da su ga koyar da yara tenis a Paris. Ciwon jini ya kama ta, ta rasu ranar 4 ga watan Yuli 1938, tana da shekara 39.

Shekara 30 bayan rasuwarta, a 1968, aka buɗe manyan gasa ga masu wasa don kuɗi. A 1997 aka sa wa fili na biyu a girma na Roland Garros sunanta. Daga 2007 kuma, a can da Wimbledon, ladan mata ya zama daidai da na maza. Ita ba ta ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da aka hukunta ta a kansa, shi ne ya zama haƙƙin duk matar da ta ɗauki raket a bayanta.