Harry Brearley, Mai Wankin Kwalaba Da Ya Samo Ƙarfe Marar Tsatsa

'Yan'uwanmu masu aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa sun san ɓarnar da ruwan gishiri yake yi wa ƙarfe. To, ga tarihin mutumin da aka fi danganta samo ƙarfe marar tsatsa da shi.

An haifi Harry Brearley a 1871 a Sheffield ta ƙasar Ingila, garin maƙeran wuƙaƙe. Ubansa ma'aikacin narka ƙarfe ne. Yana ɗan shekara 12 ya bar makaranta ya kama leburanci, daga baya aka sa shi wankin kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na kamfanin Firth. Nan ya duƙufa ga karatun dare, har a 1908 ya zama shugaban ɗakin bincike.

Abin mamaki, ba maganin tsatsa ya fita nema ba. Bututun bindiga ne yake saurin cinyewa saboda zafin harbi, aka ce ya duba. Ran 13 ga Agusta 1913 ya narka ƙarfe da sinadarin kuromiyam kashi 12.8 cikin ɗari. Ya ɗiga masa asid, bai ci shi ba, ruwan lemun tsami ma haka. Bindiga ba ta ƙaru da shi ba, amma wuƙa ta ƙaru. Gardama ta tashi tsakaninsa da kamfanin a kan mai haƙƙin abin, ya bar su a 1915.

Sai dai ƙarfen nasa na wuƙa ne, teku ta fi ƙarfinsa, gishiri yakan huda shi tsilli-tsilli. Magajinsa, Dakta Hatfield, shi ne a 1924 ya haɗa kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8. Daga baya aka ƙara molibdinam kashi 2 zuwa 3, aka sami mai lamba 316, wanda ake yin notuna da kayan jirgin teku da shi. Saboda haka mutumin Kontagora da ya saba da kwale-kwalen tafkin Kainji ya lura, abin da ya daɗe a ruwan daɗi ba lalle ya daɗe a Ikko ba. Wajen sassaƙa kuma ƙarfen mai taurin kai ne: in bakin injin ya dakushe yana goga kawai, sai ya ƙara tauri. A wasa baki, a rage gudu, a yawaita ruwan sanyaya shi.

Brearley ya mutu a 1948 a Torquay, wani gari a bakin teku.